Inuwar Reshe Ɗaya Kan Iya Tsayar da Famfon Sola

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, manoman rani da dama a bakin Gulbin Rima, daga Goronyo zuwa Wurno, da na fadamun Rabah, suka fara jingine injin ban ruwa mai shan fetur suna komawa ga sola. Masu shagon cajin waya ma haka. Sai dai akwai ƙorafin da ake yawan ji: "An sayar mini da jabu, ba ya kawo wutar da aka rubuta a bayansa." Jabu kam yana nan a kasuwa, ba a musu. Amma sau da yawa farantin sola lafiyarsa lau, inuwa ce ke cinye wutar, inuwar da mai shi bai ɗauke ta a bakin komai ba.

Ka dubi fuskar farantin da kyau, za ka ga ƙananan gidaje baƙaƙe ko shuɗɗa a jere. Kowane gida yana ba da kusan rabin bolt ne kawai, shi ya sa ake haɗa su ɗaya bayan ɗaya, 60 ko 72 a babban faranti, 36 a ƙarami. Wutar da ta fito daga na farko dole ta ratsa na biyu, ta ratsa na uku, har ƙarshen layi. Duk wanda ya taɓa ban ruwa ya san in aka take tiyo a wuri guda, ruwan da ke fita a baki raguwa yake, ko da sauran tiyon a buɗe yake. Gida ɗaya da inuwa ta rufe haka yake yi wa layinsa gaba ɗaya.

Masu ƙera faranti sun san da wannan matsala. A cikin ɗan baƙin akwatin da ke bayansa sukan sa 'yan na'urori, galibi uku, waɗanda masu gyara ke kira dayod. Kowanne yana tsaron kashi ɗaya cikin uku na farantin; in inuwa ta toshe wani kashi, sai ya buɗe wa wuta hanya ta kewaye shi. Dabara ce mai kyau, amma duba farashinta: ganye ɗaya da ya manne, ko kashin tantabara da ya rufe gida guda cikin 60, yana iya tafiya da sulusin wutar farantin. A ƙaramin faranti mai gida 36 abin ya fi muni. Yana ba da kusan bolt 18 don cajin batir mai bolt 12. In aka kewaye rabinsa saura 9, kuma 9 ba ta cajin 12. Rana tana dukan farantin, batir kuwa ko ɗigo bai samu ba. Famfon rijiya ma yana da ƙarfin da in wuta ta gaza shi, tsayawa yake cak.

Akwai kuma ɓarnar da ba a gani nan take. Gidan da aka rufe yakan koma shan wutar 'yan uwansa, ya yi zafi fiye da kima. A hankali sai tabo ruwan ƙasa ya bayyana, wani lokaci har bayan farantin ya ƙone. Wannan ba ya gyaruwa.

Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne inuwa ba ta zama wuri ɗaya. Yankin Rabah yana kusan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana kan bi ta saman kai, har ta ɗan karkata arewa, inuwar tsakar rana 'yar kaɗan ce. A watan Disamba kuwa tana yin kudu sosai. Bishiyar dogonyaro mai tsawon mita 6 kan shimfiɗa inuwar kusan mita 4 da rabi zuwa arewa a lokacin zawali, sa'o'i uku kafin nan ko bayan nan kuma ta kai mita 9. Ke nan wanda ya kafa farantinsa da bazara ya ga fili fes, yana iya tarar da inuwa a kansa da hunturu, daidai lokacin da albasa da tafarnuwa da alkama ke neman ruwa, kuma daidai lokacin da hazo ya riga ya rage ƙarfin rana. Ƙurar hunturu ita ma inuwa ce, musamman wadda ke taruwa a gindin faranti ta rufe layin ƙasa.

Yadda aka ajiye farantin ma yana da tasiri. Kashi ukun nan a tsawonsa suke tafiya. In an kafa shi a tsaye, inuwar katanga da ta rufe layin ƙasa kaɗai ta taɓa ukun duka, wuta ta kusa ɗaukewa. In an kwantar da shi, kashi ɗaya za ta ci. Sababbin faranti masu gidaje rabi-rabi, 120 ko 144, sun fi jure wannan, domin samansu da ƙasansu kowanne cin gashin kansa yake.

Kada wani ya ɗauki gatari ya nufi bishiya. A ƙasar da hamada ke matsowa, sare dogonyaro mai shekara ashirin saboda faranti ganganci ne. A sassabe reshe, ko a matsar da farantin kudu da bishiyar. Tankin ruwa, wanda ake yawan ɗorawa gab da faranti a rijiyar burtsatse, a sa shi ta arewa, da 'yar tazara. Farantin ya fuskanci kudu, a ɗan karkace yadda ruwa zai gangara da ƙura, a riƙa wanke shi da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi.

Kafin ka biya mai haɗa sola kuɗin aiki, ka tsaya da shi a wurin da hantsi, da azahar, da la'asar, ku ga inda inuwa ke faɗawa, sannan ka tambaye shi ina za ta kai a watan Disamba. In bai iya amsa maka ba, nemi wani.