Zarton batir ya iso bakin Bahar Azrak: abin dubawa kafin a zaro kuɗi

Tun da iskar gas ta yi wuya bayan ɓarkewar yaƙi a watan Afrilun 2023, gidaje da yawa a Jazira suka koma murhu. Itace da gawayi suka yi daraja, masu sara suka yawaita, cikinsu har da samarinmu na ƙauyuka da kanabi da ke kewaye da Hasahisa. Da gatari aka saba, sai injin zarto mai shan fetur ya shiga hannun masu ɗan hali. Yanzu kuma da farantan sola suka bazu a rufin gidaje da bakin rijiyoyi, wani baƙo ya fara leƙowa shaguna: zarto mai batir, da ɗan'uwansa da ake jonawa da waya. Masu sayarwa na cewa ba hayaƙi, ba ƙara, ba haɗari. Biyun farko da ƙamshin gaskiya a cikinsu. Na ukun ne ya sa na zauna yin wannan rubutu.

Mu fara da itacen da muke yankawa, domin ba irinsa aka yi wa wannan inji tunani ba. Manyan kamfanonin Jamus da Suwidin sun koyi sana'arsu ne a dazuzzukan ƙasashen sanyi, inda bishiya ke miƙewa sambal kamar turken lantarki, itacenta kuma da taushi. Mu kuwa bagaruwa gare mu, wadda maƙwabtanmu ke kira sunut, mai taurin da ya sa tun zamanin Turawan Ingila ake kula da dazuzzukanta a bakin Bahar Azrak, ana tsaga ta a injin katako na Suki don shimfiɗawa a ƙarƙashin titin jirgin ƙasa. Sai kuma miskit. An kawo shi Sudan a 1917 da niyyar alheri, ya bi bakin tur'a da abu ishirin yana cin hawasha, har gwamnati ta ba da umarnin kawar da shi a 1995. Har yau yana nan daram. Shi miskit ba ya tashi da gindi ɗaya. Rassa biyar, shida ne ke fitowa daga ƙasa su sarƙe da juna, ga ƙaya, ga wasu a lanƙwashe kamar baka suna jiran a sake su. In za ka yanki ɗaya, dole ka cusa bakin zarto inda idonka ba ya gani. Ka riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Mutane da yawa na zaton zarton lantarki sabon abu ne. A'a, shi ne ma yayan. Wanda Andreas Stihl ya ƙera a Jamus a 1926 da lantarki yake aiki, sai dai nauyinsa ya kusa kilo 50, mutum biyu ke riƙe shi. Mai fetur ya biyo baya a 1927 daga kamfanin Dolmar. Irin haƙoran sarƙar da muke gani yau kuwa wani mai saran itace ne a Amurka, Joseph Cox, ya fito da su a shekarun 1940, bayan ya tsaya ya kalli yadda tsutsar cikin itace ke gaigayarsa, dama da hagu. Aka yi shekaru da dama ana ta neman sauƙin nauyi da ƙarin ƙarfi, ba a waiwayi jikin mai riƙon ba sai da asibitocin Turai suka cika da raunuka. Hannun riƙo mai rage jijjiga ya zo a shekarun 1960, birkin sarƙa kuma a farkon shekarun 1970.

Mene ne amfanin birkin? Dogon ƙarfen nan da sarƙa ke zagayawa a kai, bari mu kira shi takobi. Sarƙar kan yi gudun da ya kai mita 20 a daƙiƙa ɗaya, kamar mota ke nan mai gudun kilomita 70 a awa. In kana yanka da cikin takobin, sarƙar na jan injin ne zuwa ga itace, lafiya lau. Amma in gefen sama na hancin takobin ya taɓa abu mai tauri, haƙori ya cije maimakon ya yanka, duk ƙarfin nan sai ya juyo, ya ɗaga takobin sama ya yo baya, saitin fuska da kafaɗar hagu. Ni tutsu nake kiransa, don wallahi daidai yake da na jaki: ba sanarwa, kuma kafin ka ƙifta ido an gama. Babu mai saurin hannun da zai tare shi. To ka tuna cikin kurmin miskit, inda hancin takobi ke yawo tsakanin rassan da ba ka gani. Da wuya a sami wurin da ya fi nan saurin haddasa tutsu.

Shi ya sa aka sa wani faffaɗan mashiƙi a gaban hannun riƙo na gaba. Wasu na ɗaukarsa kariya ce daga ƙaya, har na ga wanda ya ɓalle nasa wai yana tsone masa hannu. Birki ne. In zarton ya yi tutsu, bayan hannunka na hagu zai buge shi ya tura shi gaba, sarƙa ta tsaya cak. A injuna masu kyau ko hannunka bai taɓa shi ba, fizgar kanta ta isa ta kunna shi. Masu ƙira sun ƙara da wasu ƙananan abubuwa da ido ba ya kula da su: sarƙa mai 'yan tudu a gaban kowane haƙori don kada ya yi babbar loma, takobi mai siririn hanci, wani ɗan ƙarfe a ƙasa da ke cafke sarƙa in ta tsinke, da makullin kunama, wanda sai tafin hannunka ya danne shi kafin yatsa ya iya matsa wuta.

A wajen daɗin riƙo, gaskiya zarton lantarki ya yi wa mai fetur nisa. Ina da wani kawu da ya yi shekaru yana aiki da mai fetur a wajen Sinnar. Yanzu a sanyin Janairu, in ya taɓa ruwan alwalar asuba, yatsunsa kan yi fari su mutu, ko maɓallin riga ba ya iya sawa sai rana ta ɗaga. Jijjigar inji ce ta cinye jijiyoyin da ƙananan hanyoyin jini a hankali, kuma in abin ya yi nisa ba ya komawa. Turai ta ɗauki lamarin da muhimmanci har Tarayyar Turai ta kafa doka a 2002 da ta ƙayyade yawan jijjigar da hannun ma'aikaci zai sha a yini. Motar lantarki juyawa kawai take yi, ba fistin da ke bugawa sama da ƙasa, don haka jijjigarta kaɗan ce. Haka ƙara: mai fetur kan wuce desibel 100 a kunnen mai aiki, alhali daga 85 ake fara jin tsoron lalacewar ji in an daɗe. Mai batir bai yi shiru ba, har yanzu ana son toshe kunne, amma kana iya jin abokin aikinka in ya yi maka ihu cewa reshe na zuwa. Ba gaurayen fetur da mai, ba kafireto da ƙura ke toshewa, ba hayaƙin da ke sa ciwon kai. Sannan babu fizgar igiya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin na sha ganin masu riƙe inji da hannu ɗaya a iska suna wurga shi ƙasa don ya tashi, takobi na lilo kusa da gwiwa.

Nauyi kam bai ragu sosai ba, batir ya maye gurbin tanki. Abin lura shi ne inda aka ajiye nauyin. Ɗaga zarton da hannun riƙo na gaba kawai: in ya tsaya daidai, ko hanci ya ɗan sunkuya, an yi ƙira mai kyau. In gindinsa ya rinjaya, wuyan hannunka ne zai biya kafin azahar.

Yanzu ga inda nake da ja da masu cewa ba haɗari. Mai fetur in yana kunne kowa ya sani, yana gurnani, yara na ja da baya. Mai batir kuwa a kwance yake shiru kamar itacen da ke gefensa, alhali a shirye yake. Yaro ya ɗauka, ko kai kanka ka kama sarƙa za ka ja ta yayin wasawa gwiwarka ta danne kunama, shi ke nan. Wasu kamfanoni sun gane haka, suka sa maɓallin kunnawa daban mai fitila, wanda ke kashe kansa in an bar injin ba aiki na ɗan lokaci. A ganina zarton da ba shi da wannan bai dace da gida mai yara ba, kuma wane gida ne namu ba yara?

Na biyu, wandon kariya. Ana cika shi da dogayen zaruruwa, in sarƙa ta taɓa shi sai ta jawo su, su cushe inda ake juya ta, inji ya shaƙe. An gwada shi ne da mai fetur, wanda ƙarfinsa ke faɗuwa in gudunsa ya ragu. Motar lantarki ba haka take ba, tana da ƙarfin murɗawa ko a ƙaramin gudu, shi ya sa wasu kamfanonin da kansu ke gargaɗi cewa wandon ba lalle ya tsayar da zarton lantarki ba. Ko da yake, mu faɗi gaskiya, wa zai sa wando mai kauri haka a zafin Mayu na Jazira? Wanda ake ɗaurawa a gaban ƙafa kawai da maɗauri, baya a buɗe, shi ne ya fi kusa da abin da za mu iya jurewa. Amma tun kafin a kai ga wando, a fara da abin da ba ya cin ko sisi: jallabiya da jelar rawani ba su da wuri kusa da sarƙa, haka ma silifa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali bai ma kai a kira shi zarto ba. Akwai wani faifai mai haƙoran sarƙa a kewaye da ake ɗaura wa injin gurza ƙarfe, wanda a nan muke kira saruk, akwai kuma takobi da sarƙa da ake sayarwa daban a haɗa masa. Saruk na juyawa wajen sau 11,000 a minti ɗaya, yawancinsa maɓallinsa na maƙalewa a kunne ko ka sake shi, ba birki, ba wurin riƙo na kirki. In ya yi tutsu ya kuɓuce, yana ci gaba da juyawa a ƙasa ko a jikin mutum. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Birtaniya ta fitar da gargaɗi a kan irin wannan faifai a 2021, ta ce a daina amfani da shi. Araha dai ba ta ado. Kusa da shi akwai 'yan ƙananan zartunan nan na hannu ɗaya, masu takobi kamar tsawon tafin hannu. Suna da amfani wajen gyaran lemo da mangwaro a lambun bakin kogi, amma ƙirarsu kanta ke jarabtar mutum ya riƙe reshe da ɗaya hannun, kuma wannan hannun ne ke zuwa asibiti. Da hukumar Muwasafat za ta sa birkin sarƙa ya zama sharaɗin shigo da kowane babban zarto, ta kuma hana faifan saruk, da ta ceci yatsu masu yawa.

Batir da zafinmu ma ba sa ga-maciji. Yawancin littattafan da ke zuwa da injunan na cewa kada a yi cajin batirin litiyam a zafin da ya wuce digiri 40, mu kuwa a Afrilu da Mayu inuwarmu ma kan wuce haka. Caja mai kyau kan ƙi karɓar batir mai zafi sai ya huce. Ba lalacewa ta yi ba, kare ka take yi daga gobara. Mai arha kuwa cusa wuta kawai take yi. A yi lissafi kuma kafin a saya: batir mai bolt 36 da amfiya 5 na ɗauke da wat 180 na awa ɗaya, zarton da ke jan wat 1,200 zai shanye shi cikin minti tara in ba a ɗaga yatsa ba. Da yake yanka ake yi ana tsayawa, yakan kai rabin awa ko fiye a ƙananan rassa, amma gungumen bagaruwa zai nuna masa iyakarsa. Wanda zai yi yini a daji sai da batir biyu ko uku, a ajiye su a inuwa cikin buhu, ba a kan karo cikin rana ba. Mai waya kuma, in za a yi aiki da shi a bakin tur'a, a tabbata akwai na'urar katse wuta in ta zuba, kuma wayar ta bi ta bayan mutum.

Bahago ya yi haƙuri, kusan duk zartunan duniya na badama ne. Sarƙa na gefen dama, don jiki ya kauce wa layinta. Hagu a gaba, babban yatsa ya zagaye ƙarƙashin hannun riƙo, dama a baya, ko da wane hannu kake cin tuwo.

Dakusasshiyar sarƙa kuma na rusa duk wannan ƙira. Miskit in ba a yanke shi ƙasa-ƙasa an tono saiwar ba tohowa yake yi, don haka takobi na yawan shiga turɓaya, kuma taɓawa ɗaya ta isa ta kashe kaifi. Alamar a fili take: sarƙa mai kaifi na zubar da ɓarɓashi manya, dakusasshiya gari take fitarwa, kai kuma ka fara dannawa da ƙarfi, hannu ya gaji, jijjiga ta ƙaru. A wasa da magagari mai zagaye daidai girman haƙorin, a karkace kamar digiri 30, kowane haƙori adadi ɗaya. Ɗan tudun da ke gaban haƙori kada a gurje shi fiye da kima don neman saurin yanka, ratar da ake so ba ta kai milimita ɗaya ba. Wanda ya zarce ya gayyato tutsu da hannunsa. Zarton lantarki ma yana shan man sarƙa, kuma baƙin man da aka juye daga mota bai dace ba, ƙurar ƙarfen cikinsa na cinye famfo da takobi.

A shago, kafin ka biya, ka ce a sa batir. Riƙe da hannu biyu, ka matsa kunama ba tare da danna makulli ba: kada ya motsa. Kunna shi sosai ka saki: sarƙa ta tsaya cikin kamar daƙiƙa ɗaya. Sake kunnawa, ka tura mashiƙin gaba da bayan hannunka na hagu: ta tsaya nan take. Sai ka tambayi mai shago ko yana da sarƙa da takobi da batir na canji, da girman magagarin da ya dace. In ya fara kame-kame a ɗaya daga cikin waɗannan, ka ajiye masa kayansa ka leƙa shago na gaba.