Kafin Ka Ɗauki Littafi, Tambayi Mai Laburare

Duk wanda ya leƙa laburaren gwamnati a Kano ko Kaduna ko Sakkwato lokacin da jarrabawar WAEC ko JAMB ta matso, zai tarar kujeru sun cika maƙil. Sai dai kowa da littafinsa ya zo daga gida, ko takardun tambayoyin shekarun baya. Inuwa da shiru ne suka kawo su. Kantocin da ke bayansu ƙura ta lulluɓe, ma'aikacin da ke zaune a teburin bakin ƙofa kuwa ba a tambayarsa komai sai inda za a ajiye jaka. Alhali sanin abin da ke kan kantocin nan, da wanda kowane littafi zai yi wa amfani, shi ne aikinsa. Da yawansu fannin suka karanta a jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano, kuma shawararsu ba a biyan ko sisi.

Amma tambaya ma iyawa ce. Wanda ya ce "Malam, a ba ni littafi mai daɗi" bai taimaki kansa ba, don daɗin wani ba shi ne na wani ba. Faɗi littafin da ka taɓa karantawa ya burge ka, ko matsalar da ta kawo ka. Uwa ta ce, "Malama, yarinyata tana aji biyar, tana haɗa baƙi amma ba ta jure dogon karatu." Nan take za a iya miƙo mata Magana Jari Ce na Abubakar Imam, domin labaran da aku ke bayarwa a ciki gajeru ne, ana iya cinye ɗaya kafin barci. In yaron mai son jarumtaka ne, ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa.

Babban amfanin mai laburare shi ne yakan fitar da mutum daga layin da ya saba. Mu da yawa iri ɗaya muke karantawa har mu tsufa. Mai son littattafan soyayya, ba laifi ba ne, amma sai a nuna masa cewa So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito tun 1980, kafin kasuwar littattafan Kano ta tumbatsa. Daga nan a tura shi ga Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, inda zai ga halin da mace da 'ya'yanta ke shiga idan maigida ya juya musu baya. Mai son labarin ta'addanci da zubar da jini, Bature Gagare ya riga ya rubuta Ƙarshen Alewa Ƙasa tun 1982. Wanda ke zaton labarin tafiya sararin samaniya sai Turawa, a ba shi Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. Shi kuwa Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 ta haifar tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki, labarin bauta ne da ƙetare Sahara, kuma a ganina ya fi ƙarfin a bar wa 'yan jarrabawa su kaɗai. Ga wasan kwaikwayo irin Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, ga waƙa irin Imfiraji ta Aliyu Namangi, ga tarihi irin Kano Ta Dabo Cigari na Wazirin Kano Abubakar Dokaji.

To, ga inda ya kamata a yi hattara. Laburarukanmu da yawa sun daɗe ba su sami sababbin littattafai ba. Labari da waƙa ba sa tsufa, amma littafin lafiya da na shari'a da na labarin ƙasa suna tsufa, har su koma masu cutarwa. Ɗauki zazzaɓin cizon sauro. Littafin kiwon lafiya da aka buga a shekarun 1980 zai ce maka kulorokwin ne maganinsa na farko. Nijeriya ta sauya wannan tsari tun 2005, ta koma ga haɗin magungunan da ake kira ACT, saboda ƙwayar cutar ta daina jin kulorokwin. Uban da ya bi tsohon littafin a kan yaronsa zai iya yin da-na-sani. Haka littafin da ke cewa jihohin ƙasar nan 19 ne: gaskiya ya faɗa a zamaninsa, amma tun 1996 sun zama 36, kuma ba za ka ga Jigawa ko Zamfara a taswirarsa ba. Mai neman sanin 'yancinsa kuma ya tabbatar kundin tsarin mulkin 1999 ake magana a kai, ba na 1979 ba.

Saboda haka ko da ma'aikaci ne ya miƙo maka, buɗe bayan shafin da ke ɗauke da sunan littafin. Nan ake rubuta shekarar bugu da sunan maɗaba'a da ko bugu na nawa ne. Ka tambaya, "Akwai sabon bugu?" Ma'aikacin kirki ba zai ji haushi ba. Littafin lafiya kuma, komai sabuntarsa, don ƙarin sani ne, ba ya zama likita.

Wannan dubawa ta fi zama dole a wajen laburare. Ƙananan littattafan da ake tallarsu a tasha da bakin masallaci, masu alkawarin warkar da ciwon suga da hawan jini a mako guda, sau da yawa babu sunan maɗaba'a balle adireshi. Haka waɗanda ake turowa ta WhatsApp, wani ya gutsure farko, wani ya ƙara nasa a tsakiya, ba a san mai shi ba. Akwai kuma na satar fasaha: takarda shara-shara, rubutu dishi-dishi, sai ka kai tsakiyar labari ka tarar shafuka goma sun ɓace. Littafin da aka buga bisa ƙa'ida yakan ɗauki lambar ISBN, wadda a Nijeriya Laburaren Ƙasa ne ke bayarwa. Lambar ba ta tabbatar da cewa abin da ke ciki gaskiya ne, amma tana nuna akwai wanda za a nema. In ka yi shakka, kai wa mai laburare ya duba maka.

Wanda ke jin nauyin tambaya, lambobin da ke gefen littattafai za su yi masa jagora. A yawancin laburarukan jama'a, 297 addinin Musulunci ne, 610 lafiya, 630 noma da kiwo, 800 adabi, 900 tarihi da labarin ƙasa. Idan abin da kake nema babu, kada ka juya shiru. Ka roƙi a rubuta sunan littafin, domin da irin wannan buƙata ma'aikata ke kafa hujja idan an tashi sayen sababbi.