Ranar Hunturu a Zamanin Korona

Hunturun ƙarshen shekarar 2020 ya tarar da jama'a sun riga sun saki jiki. An buɗe kasuwanni da masallatai, an koma biki da suna, kullen da aka yi wa Kano a watan Afrilu ya zama labari. Wasu sun ce korona ta tafi, wasu kuma suka ce dama can ciwon masu kuɗi ce da 'yan hawa jirgi. Kwatsam a watan Disamba sai alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, suka fara hawa, gwamnati ta sanar cewa an shiga zagaye na biyu, kuma a Janairun 2021 aka riƙa samun sama da mutum 1,000 a rana guda a Najeriya. Wahalar wannan lokaci ita ce, duk abin da sanyi ke sa mutum ya yi, shi annoba ta hana. Sanyi na cewa a rufe ƙofa da taga a matsu wuri ɗaya, likita na cewa a bar iska ta shiga, a ba da tazara. Wanda ya bi ranar hunturu tun daga asuba har dare zai ga inda ake wannan ja-in-ja, kuma darasin bai tsufa ba, tunda mura da dangoginta ba su daina zuwa ba.

Da asuba ake fara gwajin. Ruwan da ya kwana a buta ya yi sanyi ƙarara, mai alwala na taɓa shi yana ɗauke hannu, ga kuma umarnin a riƙa wanke hannu da sabulu na tsawon daƙiƙa 20. Mutane da yawa sun ɗauka sai ruwan zafi ke kashe ƙwayar cutar. Sabulun ne ke aikin: ƙwayar korona tana lulluɓe da wani siririn maiƙo, sabulu kuma aikinsa ke nan, narkar da maiƙo. Ɗumin ruwa jin daɗi ne kawai, amma jin daɗin na da amfani, domin yaro ba zai tsaya ya cuɗa hannunsa da kyau a ruwan da ke sa shi karkarwa ba. Matsalar da ke biyo baya ita ce bushewar fata. Iska ta riga ta tsotse danshin jiki, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, sai yawan sabulu ya ƙara wa hannu kaushi. Man kaɗanya ko basilin bayan an wanke ya wadatar. Shi kuwa man tsaftace hannun nan na kwalba, sai sinadarin alkohol ɗin da ke cikinsa ya kai kashi 60 cikin 100 yake aiki, shi ya sa yake raɗaɗi a tsagaggen hannu, kuma shi ya sa yake kama wuta. Wanda ya shafa shi ya miƙa hannu kan kaskon jin ɗumi tun bai bushe ba, ya nemo wa kansa magana.

Gari na wayewa sai hazo. Rana ta fito fara fat ba ƙarfi, mai mota ya kunna fitila da hantsi, wani lokaci har jirage su kasa sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. Wannan ƙura tafiyayya ce. Iskar arewa maso gabas ke kwaso ta daga Sahara, kuma ɗaya daga cikin manyan matattararta shi ne kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda a zamanin da can ruwan babban tafki ya kwanta kafin ya ƙafe ya bar farin gari. Garin nan ne matar gida ke sharewa a kan tebur da safe, kafin azahar ya sake kwanciya har a iya rubuta suna da yatsa. Manyan ƙwayoyinsa hanci na tarewa, amma masu laushin sai su zarce cikin huhu. Ga shi kuma busasshiyar iska ta ƙafar da danshin cikin hanci, wanda shi ne ke kama ƙwayoyin cuta tun a bakin ƙofa. Daga nan haɓo ke zuwa, da atishawa, da tashin asma, masu sikila kuma sanyi na iya tayar musu da ciwo.

A nan ne takunkumin fuska ya yi rana biyu. Ranar 26 ga Janairun 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta sa shi a wuraren taruwar jama'a, mutane suka yi ta gunaguni kamar an zo musu da baƙon abu. Alhali 'yan acaɓa sun daɗe suna ɗaure hanci da ƙyalle idan hazo ya sauko, Buzaye kuwa tun kaka da kakanni suke rufe baki da hanci da rawani saboda wannan iskar. Teloli sun samu kasuwa, suka riƙa ɗinka shi da ragowar atamfa da yadi, har da mai shiga da kayan anko. Abin takaicin shi ne yadda aka riƙa sa shi: a saukar da shi ƙarƙashin haɓa, sai an hango jami'i ko ƙofar banki a ja shi sama. Wani ma idan zai yi tari sai ya cire, wai kada ya ɓata shi. Na ƙyalle kuma yana son wanki kullum, domin takunkumin da ya yi kwanaki yana shan ƙura da numfashi ya zama abin gudu shi kansa.

Babban ruɗanin hunturun nan shi ne kowa na tari. A masallaci liman na karatu, sahu na amsawa da kakin majina. Ta yaya mutum zai gane murar da ya saba da korona? Da ido ba zai gane ba, gwaji ne kaɗai ke raba gardama. Sai dai akwai alamun da bai kamata a yi wasa da su ba: mutum ya daina jin ƙanshi ko ɗanɗano alhali hancinsa ba a toshe yake ba, zazzaɓi ya ƙi sauka, ko numfashi ya fara sarƙewa daga ɗan tattaki zuwa bakin zaure. Abin da aka fi yi shi ne a leƙa kemis a ce a haɗo maganin maleriya da na mura da ƙwayar kashe bakteriya. Ita wannan ta ƙarshen ba ta taɓa ƙwayar bairus ko kaɗan, asarar kuɗi ce, kuma tana koya wa wasu cututtukan taurin kai. Matashi yakan warke ko ya sha ko bai sha ba, sai ya ce maganin ne. Tsohon da ke gida, ko mai ciwon suga ko hawan jini, shi ne ke ɗaukar abin da matashin ya kawo ya kwanta.

Teburin mai shayi ya zama majalisar likitoci. Citta, kanumfari, masoro, lemon tsami, tafarnuwa, kowa da haɗinsa da shaidar wanda ya sha ya miƙe. Tazargade ta yi tashe tun lokacin da shugaban Madagaska Andry Rajoelina ya fito da wani tsimi na danginta a watan Afrilun 2020 ya ce maganin korona ne, maganar da bincike bai gaskata ba. Ni dai ban ga laifin shayi mai citta da sanyin safiya ba, yana ɗumama jiki yana sassauta maƙogwaro. Laifin yana ga wanda ya sha ya ɗauka ya yi sulke. Sirace ma haka: yana buɗe hanci na ɗan lokaci, amma tukunyar tafasasshen ruwa a ƙarƙashin bargo ta ƙona yara ba adadi.

Da rana ta ɗaga aka fita nema, sai a tarar da cunkoson da ba mutum ne ya zaɓa ba. A tsakiyar Disambar 2020 aka ba da umarnin haɗa layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, jama'a suka yi dafifi a wuraren rajista tun da duku-duku, kafaɗa da kafaɗa. A Nijar ranar 27 ga watan aka yi layin zaɓen shugaban ƙasa. A kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano kuwa ana ta ɗaga rigunan sanyi na gwanjo, wasu na tsoron kada cutar ta biyo dila daga Turai. Ƙwayar ba ta rayuwar makonni a jikin tufa, wanki da shanya sun isa. Haɗarin yana ga numfashin wanda ke tsaye kusa da kai. Ko shi ɗin ma, a fili da sauƙi, domin iska na kwashe shi. Zaman majalisa a gindin bishiya ya fi ofis mai na'urar sanyaya ɗaki aminci. Mafi muni ita ce motar haya da asuba, an cika ta maƙil, an zuge gilasai saboda sanyi, wani na tari daga Kano har Zariya, duk wanda ya ce a ɗan sauke gilashi a yi masa ca.

Dare ya fi kowane lokaci haɗari, kuma wannan haɗarin ya girmi korona. Sanyi ya sauko, a hura gawayi a kasko a shiga da shi ɗaki, a rufe ƙofa, a cusa tsumma a kafar taga, iyali duka su kwanta. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari balle ta tashi mai barci. Tana shiga jini ta ƙwace gurbin iskar da jiki ke rayuwa da ita, mutum ya ji ciwon kai da jiri da kasala, ya zarce da barcin da ba a tashi. Janareta a cikin gida ko a bakin taga irin wannan iskar yake fitarwa. Ga kuma gobara, tunda komai ya bushe kuma iska na kaɗawa. A cikin wannan Janairun na 2021 ne babbar kasuwar Sakkwato ta kama da wuta. A waje kuwa almajirai ne ke kewaye da wutar kara da roba, ba bargo ba takalmi, bayan a shekarar 2020 aka yi ta kwasar 'yan uwansu a motoci ana mayar da su jihohinsu da sunan annoba.

Rigakafin farko ya iso Abuja ranar 2 ga Maris 2021, allurai kusan miliyan 4, lokacin hunturu na haramar tafiya. Ranar 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawar da ta ɗora a kan cutar, amma ba ta ce ƙwayar ta ɓace ba. Don haka idan sanyi ya sake shigowa, mai karatu, ka ɗumama ɗakin da wuri ka fitar da kaskon waje kafin a kwanta, kuma idan tsohon gidanku ya fara haki, kada a tsaya jiran shayin citta ya yi aiki, a kai shi asibiti a ranar.