Tarayya da jihohi: yadda Nijeriya ke raba iko da dukiya

A kowane wata, ministan kuɗi na Nijeriya da kwamishinonin kuɗi na jihohi 36 sukan zauna domin su kasafta abin da ya taru a asusun tarayya. Albashin malamin makaranta a Katsina, da maganin asibiti a Sakkwato, da gyaran hanya a Jigawa, mafi yawansu daga wannan zama suke fitowa. Tun da kasuwannin Maraɗi, Birnin Ƙonni da Damagaram suna hulɗa da waɗannan jihohi dare da rana, ya kyautu mai karatu ya san yadda rabon yake.

Da farko sai a lura da kalmar jiha, domin ana amfani da ita a ƙasashen biyu amma ma'anarta ta bambanta. A Nijar mulki ɗaya ne, gwamnan jiha wakilin gwamnatin Yamai ne, ita ce ke naɗa shi. A Nijeriya kuwa jama'a ke zaɓen gwamna, kowace jiha tana da majalisar dokokinta da kasafin kuɗinta, kuma tsarin mulki ne ya ba ta ikonta, ba shugaban ƙasa ba. Wannan shi ake nufi da tarayya.

Tsarin ya kafu a shekarar 1954, lokacin Turawan Ingila, da yankuna uku: Arewa, Yamma da Gabas. A 1963 aka ƙara na huɗu. A watan Mayu na 1967 Janar Yakubu Gowon ya rushe yankunan ya kafa jihohi 12, kwana uku kafin Gabas ta yi shelar ɓallewa da sunan Biyafara. Janar Murtala Muhammad ya mai da su 19 a 1976, suka kai 36 a 1996, tare da ƙananan hukumomi 774.

Tsarin mulkin 1999 ya kasa ayyuka gida uku. Akwai waɗanda gwamnatin tarayya kaɗai ke da iko a kansu: soja, ƴan sanda, buga kuɗi, hulɗa da ƙasashen waje, duwan, da ma'adinai har da man fetur. Akwai na tarayya da jihohi tare, kamar manyan makarantu da bunƙasa noma. In dokokinsu suka saɓa, ta tarayya ce ke rinjaye. Abin da ba a ambata ba kuwa na jihohi ne. Ƴan kasuwar bakin iyaka sun ga wannan da idonsu a watan Agusta na 2019, sa'ad da Abuja ta rufe iyakokin ƙasa: babu gwamnan da ya iya buɗe ƙofar Illela ko ta Maigatari, sai da tarayya ta ga dama a Disamba 2020.

Amma inda gardama ta fi zafi shi ne batun kuɗi. A zamanin yankuna kowa da abin hannunsa yake taƙama: Arewa da gyaɗa da auduga, Yamma da koko, Gabas da kwakwar manja. Dokar wancan lokaci ta mayar wa yanki rabin kuɗin ma'adinan da aka haƙo a ƙasarsa. An gano fetur a Oloibiri a 1956, kuma da ya zama ginshiƙin baitulmali bayan yaƙin basasa, sai gwamnatocin soja suka dinga rage wannan kaso: kashi 45 cikin 100 a 1970, kashi 20 a 1975. A 1982 ya faɗo zuwa ɗaya da rabi. Mutanen Neja Delta, waɗanda malalar mai ta ɓata musu gonaki da wuraren su, suka yi ta kuka har tsarin mulkin 1999 ya ce kada kason ya gaza kashi 13.

Bayan an cire wannan, tsarin da aka tsayar a 2004 ya ba tarayya kashi 52,68, jihohi 26,72, ƙananan hukumomi 20,60. Kason jihohi kuma akan raba shi bisa ma'auni biyar: kashi 40 daidai wa daida, 30 bisa yawan jama'a, 10 bisa faɗin ƙasa, 10 bisa bukatun ilimi da lafiya, 10 bisa ƙoƙarin jiha wajen tara haraji. Shi ya sa ƙidayar jama'a ba ta rasa rigima a Nijeriya, tun da kowane kai da aka ƙidaya kuɗi ne.

Amfanin wannan tsari a fili yake: jihar da ba ta da mai ko tashar jirgin ruwa ba a bar ta hannu wofi ba. Illarsa ma a fili take. In ban da Legas da ƴan kaɗan, jihohi sun saba da jiran rabon wata. Da farashin mai ya karye a 2014, da yawansu suka kasa biyan albashi wata da watanni, sai da tarayya ta kawo musu ɗauki a 2015. Jihar da ke da iko a takarda, amma tuwonta na hannun wani, ikonta ragagge ne.

Ba a daina gyare-gyare ba. A 2021 jihar Ribas ta ci nasara a wata kotun tarayya kan ikon karɓar harajin sayen kaya, wanda a Nijar ake kira TVA, hukumar haraji kuma ta ɗaukaka ƙara. A 2023 aka gyara tsarin mulki domin jihohi su samu hannu a harkar jirgin ƙasa da gidajen kaso, a kuma faɗaɗa ikonsu kan wutar lantarki. A watan Yuli na 2024 kotun ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba.

Tambayar da aka soma da ita a 1954 tana nan: wa ya fi cancanta da dukiya, wanda ta fito a gonarsa ko wanda ya fi bukata? Duk amsar da Nijeriya ta bayar, ƴan kasuwar Ɗan Isa da Magarya za su ji ta a cinikinsu.