Iri Na Wa Ne?

Manoma, ana gardama a kan irin da masana suka sake wa halitta, watau suka sa masa abin da tsutsa za ta ci ta mutu. Waken SAMPEA 20-T da Samaru ta fitar a 2019 haka yake. Waɗansu sun ƙi ci, don tsoron lafiyarsu.

Ni abin da ya fi damuna mallakar iri. A 2013 babbar kotun Amurka ta ka da wani manomi, Bowman, don ya shuka waken soya mai halittar da kamfanin Monsanto ya yi wa rajista, ya ɗebi iri a ciki, ya sake shukawa ba izini. To, kafin ka sayi sabon iri, tambayi mai sayarwa ko an yarje maka ka ajiye na baɗi.