Idan Kaya Suka Lalace a Hanya, Asarar Wa Ce?

Mai shago a Kantin Kwari ko Sabon Gari yana iya wuni yana ciniki bai ga fuskar mafi yawan waɗanda ya sayar wa kaya ba. Hoto zai tura ta WhatsApp, a yi tayi a sallama, a turo kuɗi, ya ga alat, ya sa yaronsa ya ɗaure kayan a kwali ya kai tashar Unguwa Uku ko Ƙofar Ruwa. A can za a rubuta lambar wayar mai karɓa a jikin kwalin, a biya kuɗin saƙo, a ɗauki lambar direba a tura wa mai kaya. Sau da yawa ko guntuwar takarda ba ta shiga tsakani. Kuma galibin kayan suna isa lafiya, abin da ya kamata a yaba wa direbobinmu a kansa.

Rigima tana tashi ne ranar da matar da ta sayi kwanukan tangaran don kayan ɗakin 'yarta ta yanke igiyar kwali a Gombe, ta ji ƙarar ɓaraguzai tun kafin ta ɗaga murfin. Mai shago zai ce, "Hajiya, wallahi lafiya lau na ba da su, ga hoton nan." Direba zai ce, "Ni ban san abin da ke ciki ba, yadda aka ba ni haka na kawo." Ita kuwa ta ce ba fasassun kaya ta biya kuɗinta a kai ba. Kowa cikinsu yana iya zama gaskiya ya faɗa. Daga nan sai wani ya ce tsautsayi ne, a yi haƙuri, asarar kuma ta zauna a kan wanda ya fi rauni, wato wanda kuɗinsa suka riga suka bar hannunsa.

Tsautsayi gaskiya ne, amma faɗarsa ba ya nuna wuyan wanda asarar ta hau. Wannan tambaya malaman fiƙihu sun daɗe da zama a kanta, kuma littattafan da suka yi maganar suna nan a zaurukan karatunmu da teburan alƙalanmu: Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, da Muhtasar na Shaihu Halil, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim.

A mazhabar Malikiyya, asali shi ne da zarar an ƙulla ciniki ingantacce a kan wata haja takamaimiya da ke gaban masu ciniki, lamuninta ya koma kan mai saye. Ka sayi rago a kara, aka sallama maka, ya faɗi ya mutu kafin ka ja shi, naka ne ya mutu. Sai dai an ware wasu abubuwa daga wannan asali, biyu kuma sun shafe mu kai tsaye. Abin da ake sayarwa da awo ko sikeli ko ƙirge, kamar hatsi, yana wuyan mai sayarwa har sai an auna wa mai saye ya karɓa. Haka nan hajar da ba ta wurin ciniki, wadda aka saya bisa siffantawa: in ba gida ko fili ba ce, lamuninta yana kan mai sayarwa har ta shiga hannun mai saye, sai fa in sun yi sharaɗin akasin haka.

Cinikin waya, a fahimtata, nan ya faɗo. Wanda ke Yola ya ga hoton firji a Kano bai ga firji ba, siffarsa ya gani. In ma ba wani firji guda aka ware masa ba, iri da girma kawai aka ambata, to abin ya zama bashi a wuyan mai shago, bashi kuwa ba ya sauka sai an miƙa lafiyayyen abu. Malaman sun ma ƙi yarda a sharɗanta biyan kuɗi tun farko a kan hajar da take nesa, wadda ake tsoron ta canja kafin ta iso. Abin da suka guda shi ne ainihin abin da muke gani yau: kuɗi sun tafi, kaya ba su zo yadda aka siffanta ba, mutum bai san ko ciniki ya yi ko rance ya bayar ba.

To amma akwai gaɓar da masu saye ba sa son ji. Littattafan nan sun ce zuwa ɗauko hajar da take nesa aikin mai saye ne. Idan shi ya ce, "Ka kai wa direba wane, ɗan garinmu ne, shi ke kawo mini kaya," direban ya zama wakilinsa, karɓar wakili kuwa karɓar wanda ya wakilta shi ce. Daga lokacin da kwalin ya shiga hannun wannan direba lafiya, mai shago ya fita, muddin bai yi ha'inci a ɗauri ba. Idan kuwa mai shago ne ya ce, "Kar ki damu, har gida za mu kawo miki," ya karɓi kuɗin mota, ya zaɓi tasha da direba da kansa, to hannun direba hannunsa ne, kuma kalmar "na riga na ba direba" ba ta wanke shi. Mafi yawan rigingimun nan a wannan tambaya guda suke warwarewa: wa ya zaɓi direba, kuma da sunan wa ya ɗauki kayan? Abin takaici, ita ce tambayar da ba a yi lokacin ciniki, don kowa yana sauri, kowa yana jin nauyin kawo zancen asara tun ba ta faru ba.

Shi direban fa? Fiƙihu ya ɗauki ɗan dako a matsayin amintacce. Ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Muhtasar ya kawo misalin wanda ya yi tuntuɓe da tulun mai ko kwanuka suka fashe, da wanda igiyarsa ta tsinke: ba a ɗora masa, sai in da ma ya san igiyar ruɓaɓɓiya ce ya ɗaure da ita. An tsananta ne a kan mai dakon kayan abinci, saboda abinci abu ne da hannu ke saurin kaiwa gare shi, don haka in ya ce ya salwanta sai ya kawo shaida. Risala kuma ta yi maganar mai jirgin ruwa: ba ya biyan kayan da suka halaka, amma shi ma ba shi da kuɗin dako sai ya kai su inda aka yi da shi. Wannan hukunci ya burge ni, domin bai bar kowa ya fita da riba daga musibar ɗan'uwansa ba.

Sai dai amana ba ta nufin kowace ɓarna tsautsayi ce. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tasha lokacin lodi ya ga yadda ake yi. Kwalin talabijin aka sa a ƙasan but, aka ɗora masa buhun shinkafa, yaron mota ya hau ya danna da gwiwa don murfi ya rufu, aka ja roba aka ɗaure. Wannan sakaci ne ƙiri-ƙiri, ko an rubuta gargaɗi a jikin kwalin ko ba a rubuta ba, matuƙar direba ya san abin da ya ɗauko. A ɗaya ɓangaren, mai shagon da ya jera tangaran a tsohon kwalin taliya ba ko jarida a tsakaninsu, ya kuma ce wa direba robobi ne don kada kuɗin saƙo ya yi tsada, shi ya fasa kayan tun suna shagonsa. Akwai kuma kayan da ɗabi'arsu ce lalacewa. Mai tura kwandunan tumatir zuwa kasuwar Mile 12 a Legas ya san wani abu zai ruɓe ko da direba bai tsaya ko'ina ba, kuma da wannan lissafi ake yanke farashi.

Dokar boko ta bi wata hanya daban, kuma ya kamata 'yan kasuwa su san bambancin. Dokar sayar da kaya ta Ingila ta 1893 ta shigo Nijeriya cikin dokokin da muka gada, wasu jihohi kuma sun yi nasu bisa tsarinta. Sashe na 20 ya ce asara tana bin mallaka, sai in an yi wata yarjejeniya. Sashe na 32 ya ce idan aka yarje wa mai sayarwa ya aika kaya, miƙa su ga mai dako ana ɗaukarsa a matakin farko kamar miƙa su ga mai saye ne. A zahiri wannan ya karkata ga mai shago. Amma sashen ya ɗaure shi da sharaɗi: dole ya yi da mai dako yarjejeniyar da ta dace da irin kayan. In bai yi ba, kayan suka lalace, mai saye yana da ikon ƙin ɗaukar wannan miƙawa a matsayin karɓarsa, ko ya nemi diyya. Ita kanta Ingila ta sauka daga tsohon matsayi a cinikin da ɗan kasuwa ke yi da mai saye don amfanin kansa. Dokarta ta 2015 ta ce asara tana kan ɗan kasuwa har kayan su shiga hannun mai saye, sai in mai sayen ne ya ɗauko nasa mai dakon. Kusan inda Malikiyya ta tsaya ke nan tun ƙarnoni da suka wuce.

Game da direba, dokar boko ta fi fiƙihu tsanani: wanda ya karɓi kayan wani don lada, suka lalace a hannunsa, shi ne zai nuna wa kotu cewa bai yi sakaci ba. Rubutun da wasu kamfanonin sufuri ke yi a bayan rasit, wai kaya suna tafiya ne bisa kasadar mai su, kotuna suna ƙuntata fassararsa a kan wanda ya rubuta shi. Ga kuma dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye haƙƙin samun kaya marasa aibu.

Masu kai kaya Maraɗi da Damagaram ko Garwa ko Njamena suna shiga ƙarƙashin wani tsari da ya fi namu fayyace lamarin hanya. Nijar da Kamaru da Chadi suna cikin ƙungiyar OHADA, wadda ta yi dokar dakon kaya ta mota a 2003. A can mai mota ne ke da alhakin kaya daga karɓa zuwa miƙawa, amma diyya ba ta wuce sefa 5,000 a kan kowane kilo sai in an bayyana darajar kayan a takarda tun farko. Ɓarnar da take a fili a rubuta ƙorafinta zuwa ranar aiki ta gaba, wadda take ɓoye kuma cikin kwana 7. Wanda ya aika wayoyin hannu ya lissafa nauyinsu a kilo, zai gane dalilin da ya sa bayyana daraja ba wasa ba ne.

Idan abin ya riga ya faru, sa'o'in farko su ne komai. A buɗe kwali a gaban direba ko ɗan kamasho, ana ɗaukar bidiyo tun kafin a yanke igiya. Kada a jefar da kwalin, domin shi ne babban mai shaida: in ya lotse ko ya jiƙe ko ya huje, magana ta nufi mota, in yana nan garau amma na ciki sun farfashe, magana ta nufi wanda ya ɗaure. A sanar da mai shago nan take, a rubuce, kada a yi amfani da kayan ko a kai gyara kafin a daidaita. Mai da'awa shi ke kawo hujja, wanda ya musa ya yi rantsuwa, kuma wadda ta bari sai bayan mako ta ce ta tarar da fashi ta raunana hujjarta da kanta.

Ra'ayina shi ne, a duk cinikin da mai shago ya ɗauki nauyin aikawa, ya fara sallamar mai saye, ya sake mata kaya ko ya mayar da kuɗi, sannan shi ya bi direba. Shi ke gari ɗaya da tashar, shi ya san shugabannin ƙungiyar direbobi, shi ke ba su lodi kullum, maganarsa tana da nauyin da ta baƙuwa daga wani gari ba ta da shi. Cewa mai saye ta je ta nemi direban da ba ta taɓa gani ba, korarta ce kawai da lafazi mai daɗi. Raba asara biyu da dattawan kasuwa ke yawan yi yana da kyau inda aka rasa gane mai laifi, ko inda hatsari ne ya rutsa da motar. Amma inda sakaci ya bayyana, raba ta zalunci ne ga wanda bai yi komai ba, ko da an kira shi sulhu.

In shugabannin kasuwa da na tasha suka kasa, a Kano akwai Hisba da ke zaman sasanci, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta jiha, akwai kotunan shari'ar Musulunci, ga kuma kotun ƙananan da'awoyi da aka buɗe a 2019 don irin waɗannan basussuka, inda mutum zai iya tsayawa da kansa ba lauya. Duk inda aka je, abin da za a fara tambaya shi ne me aka yi da juna lokacin ciniki. Saƙo guda a WhatsApp ya isa amsa: kaya kaza, darajarsu kaza, direba wane ne ya zaɓa, in sun lalace kafin su iso wa zai ɗauka. Su ma ƙungiyoyin direbobi, da suke karɓar kamasho a kan kowane saƙo, ya kamata kowace tasha ta ajiye littafin da za a rubuta abin da ke cikin kwali da kuɗinsa, a ba mai aikawa rasit, a kuma yanka wa kaya masu fashewa kuɗin dako na daban wanda zai sa direba ya ware musu wuri.