Me ke cikin ɗigon man gujiya?

Ƴan uwa manoma da mata masu ƙuli-ƙuli, mun san wahalar fitar da mai. A ɓare gujiya, a soya, a niƙa, a yi ta juya ƙullin da ruwan zafi har mai ya taso. Sai a jera kwalabe bakin hanya. Bayan ƴan makonni man ya sake, ya yi wari, yana kartar maƙogwaro. Mai saye ya shinshina ya wuce, uwa da jari sun tafi. Me ya jawo haka? Amsar tana cikin man kansa, kuma masu bincike suna da na'urorin ganinta.

Kusan rabin nauyin ƙwayar gujiya mai ne. A ido mai abu ɗaya ne, amma an gina shi da sinadarai iri iri da ake kira asid na mai. A man gujiya biyu ne manya: oleyik da linoleyik. Su biyun sun kai wajen kashi 80 cikin 100.

Ga yadda ake rarrabe su a ɗakin bincike. Ana daka ƙwayar, a jiƙa ta cikin wani ruwa mai suna hekzan don ya janyo man. Sai a gyara man da wani magani yadda zai iya zama tururi. Daga nan a ɗebi ɗan ɗigo da allura, a tura shi cikin wani bututu siriri kamar zare, mai tsawon mita 30, wanda aka naɗe cikin tanda mai zafin da ke wuce digiri 200. Wata iska tana tura tururin daga wannan baki zuwa wancan.

Mu ɗauki misalin mutane da suka shiga kasuwar Maraɗi tare ta ƙofa ɗaya. Wanda bai san kowa ba zai fita da wuri. Mai yawan gaisuwa kuwa sai ya tsaya rumfa rumfa, ya fito a baya. Haka sinadaran suke cikin bututu: wani yana liƙewa jikin bango ya daɗe, wani ya wuce da sauri. Sun shiga a cakuɗe, sun fita ɗaya bayan ɗaya. Wannan aiki shi ne kuromatogarafi. A shekarar 1952 wasu masana biyu na Ingila, Jems da Matin, suka fara yin sa da tururi, kuma asid na mai suka fara gwadawa.

A bakin fita akwai na'ura ta biyu, sikelin ƙwayoyi. Ita tana farfasa duk wanda ya fito, ta auna nauyin gutsattsarinsa. Kowane sinadari da yadda yake fashewa, kamar yadda kowanenmu yake da zanen yatsansa in ya dangwala a takarda. Da haka kwamfuta take faɗin sunansa, a kuma san yawansa.

To, me awon ya koya mana? Iska ce ke ɓata mai, kuma linoleyik ta fi kamawa, don yana da gurbi biyu masu rauni, oleyik kuwa ɗaya. Man da linoleyik ya yi yawa cikinsa ba ya jure ajiya. Amma kada mu tsane shi: jikin mutum yana bukatarsa, kuma ba ya iya yin sa da kansa, sai daga abinci.

A 1987, masu bincike a Fulorida ta Amurka suka samu wata gujiya da oleyik ɗinta ya kai kashi 80 cikin 100. Ba a gane ta a ido ko a baki ba, awo ne ya tona ta. Daga cikinta aka fitar da iri masu man da ke daɗewa. In mun haɗu da malaman gona, ya kamata mu riƙa tambayar wannan, ba yawan buhu kaɗai ba.

Kafin nan, abin da ke hannunmu shi ne ajiya. Rana da zafi da tsatsa suna hanzarta ɓacin mai. Mu dafa shi har ruwa ya ƙone, mu tace, mu cika kwalba busasshiya har wuya, mu toshe, mu sa a inuwa. Kada a zuba sabo kan tsoho. Kwalba ɗaya ta isa talla a kan tebur, sauran su zauna ƙarƙashi.

Akwai kuma gargaɗi. Man bini da zugu, itacen da muke shinge da shi, yana da oleyik da linoleyik kamar man gujiya, kuma kamanninsu ɗaya a kwalba. Amma bincike ya nuna akwai dafi cikinsa, wanda suya ba ta kashewa. Na sabulu ne da fitila, ba na miya ba. Yaron da ya ci ƴaƴansa yakan yi amai da zawo. A ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi likita nan take.